Askar Gidanmu da Hantar Armiya'u

Duk wadda ta san za ta kira ni mara kunya, ta adana kalmar sai ta gama karantawa. An riga an jefe ni da ita a tsakar gidanmu, gaban mata sun fi ashirin, kuma ga ni nan ban mutu ba.

Sunana Maijidda. A Ƙaura Namoda aka haife ni, a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Babana Usmanu Dogo shi ne Sarkin Askar unguwar. Da wuya ki sami namijin da ya tashi a wajenmu bai bi ta hannunsa ba, ko askin suna, ko kaciya, ko ƙaho. Abin da zan ba ku labari ya faru ne shekara biyar da kafa Shari'a a Zamfara, lokacin ina koyar da 'yan aji uku a firamare, ina yawo da wata 'yar Nokiya mai tocila ina jin babu kamar ni.

Wanda ya saya min wayar shi ne Armiya'u. Ƙanƙara da lemo yake sayarwa, yana da firiza uku da janareto mai ƙarar tsiya. Sa'an yayana Nasidi ne, tare suka yi wasan ƙasa. Ba kyakkyawa ba ne, kada in yi muku ƙarya, kunnuwansa ma sun ɗan yi waje. Amma idan ya ce "Jidda" sai in manta abin da na zo faɗa. An tsayar da magana cewa iyayensa za su zo sa rana a Juma'ar ƙarshen wata.

Sai ya fara ramewa. Ya zo zance ya zauna a kan benci, kafin in fito da ruwa ya fara gyangyaɗi. Wata rana da la'asar na dube shi a haske na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ya ce fitsarinsa ma ya yi duhu kamar shayi, takalminsa kuma ya fara matse shi. Kowa ya ce shawara ce. Baba ya kira shi zaure ya kafa masa ƙaho shida a baya, ya ba shi tsimin sassaƙe cikin galan, safe da yamma. Sati uku yana sha, cikinsa ya fara tasowa. A nan ne wani kawunsa ya sa shi a mota sai asibiti a Gusau.

Ina cikin aji saƙon tes ɗinsa ya shigo wayata: "Jidda likita yace ciwon hanta ne, ya dade a jikina ban sani ba. Kada ki tsorata. Yace ke ma kizo a gwada ki."

Na tsorata mana. Na ba yara aikin rubutu na fita bayan aji na yi kukana.

Kafin ya dawo daga Gusau labari ya riga shi isowa. Yaya Nasidi yana da wani aboki mai kemis, irin masu jin sun fi likita. Shi ya ce masa wannan ciwo na mashaya ne, giya ke cinye hanta. Sai aka fara tuno baya. Kafin Shari'a, lokacin da gidajen giya ke buɗe a Sabon Gari, wa ke kai musu ƙanƙara? Armiya'u. Wa aka sha gani yana fitowa daga can? Armiya'u. Ba wanda ya tuna cewa buhu yake ɗauke da shi a ka, ya shiga ya sauke ya fito. Ku da ba ku zauna Zamfara a shekarun nan ba, ba za ku gane nauyin kalmar ba. A ce wa mutum mashayi a lokacin, bulala tamanin ake nufi, da 'yan kallo, da sunan da zai bi 'ya'yansa.

Yaya ya shigo gida yana huci, ya tsaya a kan Inna tana tankaɗe.

"Inna, ƙanwata ba ta auren mashayi. Na rantse."

Na fito daga ɗaki ko ɗankwali ban ɗaura ba. "Yaya, ka taɓa ganin shi da kwalba?"

"Ke rufa mani baki! Hanta tai shaida, mi kike so kuma?"

"Abokinka na hwa. Kwano guda kunka ci."

"Shi ya sa abin ya hi yi mani ciwo," in ji shi. Kuma na ga da gaske yake, idonsa ya yi ja.

Inna Kulsumu ta ci gaba da tankaɗe, amma na san inda ta karkata. Goggonnina na Zurmi har aike suka yi, wai a yi wa yarinya faɗa. Mutum ɗaya ne ya tsaya min a duk dangi. Baba ya shigo ya rataye zabirarsa, ya saurari kowa, sannan ya ce:

"Yaron ga ni na yi mai askin suna, ni na yi mai kaciya. Na san shi tun bai san kainai ba. Ba ya sha. Juma'a tana nan yadda anka aje ta, ciwo kuwa ni za ni yi maganinai."

Wallahi ranar ji na yi kamar in goya shi. Ku riƙe wannan, don ku san abin da na saka a wuta daga baya.

Ranar Litinin na saka atamfata shuɗiya da farin hijabi, muka tafi Gusau ni da Armiya'u da ƙanwar babarsa, ita a tsakiya kamar katanga. Likitan wani siriri ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Ya sa aka ɗebi jinina, muka jira har bayan azahar, sannan ya kira mu.

Ni kuwa tun kafin in zauna na jefa masa tambayar da ta hana ni barci. "Likita, giya ta ka kawo shi?"

Ya yi murmushi. Ya ce giya tana lalata hanta, gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba. Akwai kitse, akwai tsargiya da ta daɗe, akwai gyaɗa da masara masu fumfuna, akwai jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Na Armiya'u kuwa gwajin jini ya nuna ƙwayar cuta ce, wadda suke kira nau'in B. Ya ce yawancin masu ita a ƙasar nan tun suna yara suka ɗauka, ta zauna shiru shekara ashirin ko talatin tana cin hanta a hankali, mutum yana harkarsa lafiya lau. Ya juyo mana da hoton cikin da aka ɗauka, ya nuna inda hantar ta fara tauri da tabo.

"Za ya warke?" na tambaya.

Ya ce ba zai yi min alkawarin ƙwayar za ta fita ba. Amma akwai magani da ake haɗiya kullum wanda ke danne ta, akwai na rage ruwan ciki, a rage gishiri, a dawo gwaji da hoto duk wata shida. Idan aka kiyaye, mutum yana iya shekaru masu yawa yana neman abincinsa. Ya dubi Armiya'u ya ce galan ɗin tsimin nan a zubar da shi yau, hantar da ke fama ba a ƙara mata kaya.

Sannan ya buɗe takardata. Ba ni da ita. Ya ce za a yi min allurar riga-kafi uku, ɗaya yau, ɗaya bayan wata, ɗaya bayan wata shida, kuma a bari in gama kafin in tare. Ba a ɗauka ta cin abinci tare ko gaisawa. Ta jini ake ɗauka, da kwanciyar aure, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa, da duk wani ƙarfe da ya yanki wani ya zo ya yanki wani.

"Kamar mi?" na tambaya.

"Allura, reza, askar wanzami. Musamman kaciyar taro, inda ake jera yara a yi musu da aska guda. Ko ƙaho."

Armiya'u ya sunkuyar da kai. Ƙanwar babarsa ta hau gyaran mayafi. Likita ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Akwai wanzami a gidanku ne?"

Na ce, "Shi ya haife ni."

Ya ajiye takardata. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan inda Armiya'u ya samo ta, mai yiwuwa ma tun daga haihuwa ne. Amma abin da ya tabbata, duk askar da ta taɓa jininsa yanzu, shafa ta a fatar wasa aska ko ɗauraye ta da ruwa ba ya kashe ƙwayar, tana iya kwana bakwai a jikin ƙarfe da ranta. Jariri kuwa idan ya ɗauka, kusan kullum da ita zai girma.

Muka kamo hanyar Ƙaura. Hannuna yana zafin allura, kaina yana lissafin kwanaki, don matar Yaya Nasidi, Saratu, ta haihu a gida ranar Alhamis da ta wuce. Namiji, ɗansu na fari. Suna ranar Alhamis mai zuwa.

Ranar Laraba na dawo daga makaranta na ji muryar Armiya'u a zaure. Na leƙa. Yana zaune ba riga, ƙaho huɗu a bayansa, Baba yana tsaga na biyar. Bayan ya tafi na tura masa tes: "Kai da kunnenka kaji abinda likita yace. Me ya kaika?"

Ya amsa: "Ya kirani Jidda. Surukina ne kuma shi kadai ya yarda dani. Ta ina zan fara ce masa a'a?"

Kun ji irin kunyarmu. Mutum ya gwammace a yanka bayansa da ya dubi babba ya ce masa a'a.

Na je shagon bakin titi na sayo fakitin reza sabuwa. Na sami Baba bayan la'asar yana wasa aska a kan fata, wannan mai ƙotar ƙahon da kakansa ya bari, wadda ake yi wa duk ɗan gidanmu askin suna da ita. Ita ce dai na gani a hannunsa ɗazu. Na durƙusa har ƙasa, na zaɓi kalmomi masu laushi, na faɗa masa duk abin da likita ya ce. Na ajiye rezar a gabansa.

Dariya ya yi, irin wadda ake yi wa yaro. "Maijidda, askag ga ta aske kan ubana, ta aske nawa, ta aske na Nasidi. Wa ta kashe? Ɗauke abin ga, ki ba masu yankan farce."

"Baba, ko dahwa ta a yi cikin ruwan zahi, ta daɗe tana tahwasa."

"In dahwa aska kamar nama? Tashi ki taya uwarki aiki."

Na je wajen Inna, ta ce in rufa mata asiri. Na je wajen Yaya, ya ce wato yanzu don in wanke saurayina zan shafa wa ubanmu baƙi. Saratu kuwa tana ɗaki tana fama da ruwan zafin jego, ta dube ni da ido kawai, ita ba ta da bakin magana a gidan surukai.

Na auna abin ta kowace fuska, kada ku ɗauka ban auna ba. Juma'a saura kwana biyu. In na yi shiru, za a sa min rana da wanda nake so. Wataƙila ma yaron ba zai ɗauka ba. Na faɗa wa kaina wannan wataƙilar ta fi sau ɗari, ba ta zauna min ba ko sau ɗaya.

Da safe aka raɗa suna a ƙofar gida, Mahmuda. Aka yanka rago, maroƙi yana ta kirari. Mata sun cika tsakar gida, ƙamshin turaren wuta da na masa ya haɗe. Ina sanye da ankon da muka yi, leshi ruwan hoda, an zana min lalle har gwiwar hannu. A gidanmu goggon jariri ce ke riƙe shi a yi masa aski, don haka aka miƙo min shi cikin farin tawul. Na zauna a tabarma. Baba ya shigo da babbar riga, ya tsuguna, aka ajiye masa ƙwaryar ruwa da sabulu. Ya jiƙa kan yaron. Ya buɗe aska.

Sai na ja yaron na manna shi a ƙirjina, na rufe kansa da hijabina.

"Gyara shi mana," in ji Baba, bai ma gane ba.

"Ba da wagga aska ba, Baba."

Baba ya ɗago kai ya dube ni.

"Mi kic ce?"

"Jiya ta sha jinin mai ciwon hanta. Ba ta taɓa kan yaron ga ina riƙe da shi. Ga sabuwa nan." Na zaro rezar daga cikin zanena na ajiye a tabarma.

Goggo ta Zurmi ce ta fara salati, sannan ta ce mara kunya, ɗiyar da boko ya lalata. Wata ta kama hannuna tana ja. Yaya ya faɗo daga zaure yana cewa in ba shi ɗansa. Na ce ya zo ya karɓa, amma ya sani da hannunsa ya miƙa. Ban san inda na samo wannan bakin ba. Yaron yana tsala kuka, ni ma hawaye na zuba, amma ban sassauta ba.

Sai muka ji murya daga ƙofar ɗaki. Saratu ce, ta dafa bango, ko mayafi babu.

"A yi mai da sabuwar."

Baba ya dube ta, ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an kwashe mata jini. Ya naɗe askarsa a hankali ya mayar. Bai taɓa rezar ba.

"Shekara arba'in ina aski, ba a taɓa tashe ni gaban mata ba sai yau, kuma ɗiyata ta." Ya miƙe. "Nasidi, aika gidan su Armiya'u. A ce su sha zamansu gobe."

Ya fita. Wani wanzami aka kira daga Banga, ya zo da rana tsaka ya yi askin da rezata, yana yi yana satar kallona.

Inna ta same ni a ɗaki ta ce in je in kama ƙafarsa in ce sharrin shaiɗan ne, wataƙila ya huce kafin gobe. Na ce zan ba shi haƙuri a kan idon mutane, wannan na yarda na yi laifi. Amma ba zan ce ƙarya na yi ba. Ta ce to na kashe aurena da hannuna. Na ce na sani. Armiya'u ya turo tes: "Sako ya iso. Ban ji haushinki ba. Da ni ne ban iya ba." Na kifa wayar na yi kukan da ya fi na bayan aji.

Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya zo. Baba bai fita kasuwar Moriki ba ranar da ya saba, bai karɓi kowa a zaure ba. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, kullum ina tashi ban janye maganata ba. Na sa Saratu ta kai Mahmuda aka yi masa riga-kafi, Yaya ya daina yi min magana gaba ɗaya.

Rana ta shida, da hantsi, Baba ya aiko a kira ni. Na same shi zaune shi kaɗai, ya rame, carbi a hannunsa amma ba ja yake ba.

"Zamna." Na zauna a bakin ƙofa. "Likitan ga, ya ce ciwon shina kwana cikin mutum shekara nawa?"

"Ashirin, talatin."

"Kuma ciki shi ka kumbura? Ido ya yi ɗorawa?"

"E, Baba. Wani har aman jini."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Shekarar da anka yi wa su Armiya'u kaciya, da sanyi na, bayan an kai amfani gida. Yara goma sha ɗaya na jera bayan gidan mai unguwa. Aska guda." Ya fara lanƙwasa yatsu. "Abbati ɗan mai goro, ya rasu shekara huɗu da sunka wuce, ciki kumbure, munka ce sammu na. Lukman na gidan Alhaji, can Shinkahi ya rasu, aman jini. Kwana shida ina bin sunayensu, Maijidda. Na ukku Armiya'u."

"Baba, likita ya ce ba a iya tabbatarwa..."

"Ban tambaye ki ba." Ya ajiye carbin. "Ni na tsaya gaban kowa na ce yaron ga ba ya sha. Ashe in ba ya sha, ni na. Da wace huska za ni zamna in amshi goron sa ranatai?"

"Da wadda ka tsaya mai da ita. Ni dai ba ni auren wani, Baba. Ko ka ba ni shi, ko in tsuhwa gidan ga ina gaishe ka kullum."

Ya dube ni, har kamar zai yi murmushi. "Taurin kan ga ba wajen uwarki kin ɗauko shi ba. Ki hwaɗa mai su taho Juma'a mai zuwa. Amma kahin nan akwai inda za ki kai mu, ni da wani."

"Wa?"

Inuwa ta tare hasken ƙofa, na waiga. Yaya Nasidi ne tsaye, ya shigo gaisuwa, ban san tun yaushe yake nan ba. Baba bai ɗauke ido daga kansa ba.

"Na tuna yadda na jera su. Ina gamawa da Armiya'u ban ko shafe aska ba, don na gaba shina ta kuka, ina son in hutar da shi. Ɗana na. Na ce a matso mani da Nasidi."